Jan Fenti a Rafin Kanya

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun dawo lafiya. Kilomita arba'in da biyu, ba wanda ya ɓata, ba wanda ya faɗi, faci ɗaya kawai aka yi. Baƙin da suka zo daga Abuja sai santin hanyar suke, wai ba su san akwai irin wannan wuri a bayan Kaduna ba. Alhaji Ubaidullah, shugaban ƙungiyarmu ta masu keke, ya dafa kafaɗata a gabansu ya ce, "Ga injiniyan hanyarmu nan, Malam Datti." Aka tafa mini. Injiniya fa! Ni da na shekara goma sha tara ina jera fayil a ma'aikata.

Alamomin sun yi aiki. Ranar Alhamis na bi hanyar na zana su da ragowar jan fentin da na shafa wa ƙofar gida. Kibiya a jikin dutse ko itace inda za a juya, lamba a kowace kilomita, sai X inda ba a so mutum ya shiga. X ɗaya tana jikin katangar Baba Sanda a Rafin Kanya, don nan ne hanya ta rabu biyu, nan sababbinmu biyu suka ɓace wancan makon. Uku kuma suna jikin itatuwan ɗorawa na bakin gonarsa.

Shekara uku ke nan tsohon nan yana barinmu mu ratsa ta tsakiyar gonarsa, har randa yake ajiye mana a gindin ɗorawa. Yau ma randar tana nan, amma garin tsit, ba mai ɗaga mana hannu. Baba Sanda ya jawo ni gefe ya yi mini wata tambaya. Na ba shi amsa.

Cinyoyina ciwo suke.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Guruf ɗinmu ya cika da dariya tun asuba. Wani ya sa hoton X ɗin katangar, ya rubuta wai mai gasa masara ta ce masa gwamnati ta zo ta yi wa garin alamar rusau, za a ƙwace gonaki a yanka filaye. Kowa ya turo fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ni ma na tura. Biyu ma na tura.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba. Da motar ofis na je ranar Alhamis. Farar Hilux, lambar gwamnati gaba da baya, ranar aiki, lokacin aiki, ba takardar fita. Roƙon Hassan direba na yi ya kai ni. Na sa rigar nan mai ƙyalli don kada fenti ya ɓata mini kaftani, ga waya a hannu ina auna nisa. Baba Sanda ya tafi kasuwa ran nan, matan gidan ne suka leƙo ta zaure suka gan mu. Su kuwa ba su taɓa ganin fuskata ba hular kwano ba. To me za su ce sun gani? A garin nan wa bai san abin da jar X take nufi a jikin katanga ba? Ni kaɗai ne na manta, ni mai wayo.

Alhaji ya kira ni bayan na karya. Na ce zan koma yau in yi musu bayani.

"A'a, Injiniya, bi a hankali," in ji shi. "Kana zuwa ka ce kai ne, maganar mota za ta fito. Dagacinsu ya rubuta wa ma'aikatarku, shi ke nan an ba ka takardar tuhuma, ka jawo wa Hassan kora. Saura shekara nawa ka yi ritaya? Bar su, mutanen ƙauye ne, kwana biyu sun manta."

Na yi masa godiya. Wallahi har godiya na yi masa.

Talata, 8 ga Oktoba, azahar, a ofis

Duk wanda ya turo ƙofa sai gabana ya faɗi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Matata Nafisat ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano. Ta ce, "Abban Jamila, kwana huɗu ke nan kana magana da keke ba ka magana da mutane. Me ya faru?" Na faɗa mata na fenti da na mota. Ta saurara, ta ce to ai abu mai sauƙi ne, tsohon ya san ka, ran Asabar da kuka wuce ba ka gaya masa ba?

Na tashi na ce zan duba iskar taya.

Bari in rubuta, tunda littafin ba ya kallon mutum. Baba Sanda ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam mai keke, ku kuke birni, ku kuke jin labari. Wannan jan fentin, ka san ko na mene ne?" Baƙin Abuja suna tsaye taku uku daga wurin suna shan ruwansa. Alhaji yana kallona. Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

Da wallahi na faɗa. Kuma a lokacin Alhaji bai ma ce mini komai ba tukuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

An kwana ana ruwa, an fasa fita. Na ji daɗi, kuma na ji haushin daɗin da na ji.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na sayi farin fenti galan ɗaya a Kawo, da niyyar in je in shafe su a ɓoye. Yana bayan ƙofa. Nafisat ta ce in na shafe na katanga, wanda ke cikin kawunansu fa? Mace in ta yi gaskiya sai ta riƙa wanke kwanuka da ƙarfi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kai keke wurin mai gyara a Hayin Banki, giya tana tsalle. Yana ɗaure waya yana ba wani labari, wai mutanen Rafin Kanya suna rububin sayar da gonaki kafin gwamnati ta karɓe ba diyya. Wai dillalai har sun fara kwana a can. Wai wani tsoho mai gona a bakin rafi, wadda aka shekara ana nema yana hanawa, shi ma ya sallama, a farashin da ko fuloti ɗaya ba ya saye a Rigasa.

Na ce wane tsoho?

Ya ce oho, mai ɗorawoyi dai.

Na turo keken har gida da ƙafa. Giyar ma ban gwada ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, azahar

Alhaji ya canja hanya, ya ce yau ta gefen dam za a bi, wai Rafin Kanya ta yi taɓo. Da muka kai mararraba na ce cikina ya juya, su wuce. Na bi tawa hanyar ni kaɗai.

Ba taɓo. Busasshiyar marmara ce, taya har waƙa take.

Ban shiga garin ba, na tsaya a kan tudu inda ake hango gonar. Dawa ta fitar da kai, ta yi kyau har abin haushi. A kusurwar gabas an sauke yashi tifa ɗaya. Kusa da yashin wata mota ƙirar akori-kura tana tsaye, shuɗiya, ƙofar baya a ɗaure da igiyar roba. Na san motar nan. Ita take ɗauko mana kekuna duk ranar da muka yi nisa. Sau nawa na ɗora kekena a bayanta da hannuna?

Na hango Baba Sanda yana tafe a kan kunya, hannuwa a baya. Na juya keke kafin ya ɗago kai.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan na taso daga aiki

Na je shagon Alhaji a Babbar Kasuwa. Yana zaune a bayan tebur, katan-katan na madara har rufi, fanka tana kaɗa masa shi kaɗai. Ya ce a kawo mini lemo. Na ce ban zo shan lemo ba.

"Motarka na gani a gonar Baba Sanda."

"To?"

"Kai ka hana ni zuwa in faɗa musu."

"Ni? Na ɗaure maka ƙafa ne? Shawara na ba ka, ka ce na gode." Ya gyara zama. "Ka ga Injiniya, ni ban shafa fenti ba, ban ce wa kowa gwamnati na zuwa ba. Mutum ya fito da gonarsa kasuwa, in ban saya ba wani zai saya. Gara ni, ko ba komai zan bar muku hanya ku wuce."

Na ce Allah ya isa tsakaninsa da tsohon nan. Muryata ta tashi har maƙwabcin shagonsa ya leƙo. Alhaji ko a jikinsa. Ya ce kafin alƙalami kawai aka bayar, sai ranar Juma'a bayan masallaci za a sa hannu a gaban dagaci. "Kana da kwana huɗu. Je ka tsaya a gaban dagacin ka ce kai ne. Amma ka haɗa da lambar motar, kada ka manta, don za su tambaya."

Ya sa aka raka ni da lemon a leda. Na bar shi a kan benci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk cikin maganarsa ban sami ƙarya ɗaya da zan kama ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Saura kwana uku.

Talata, da azahar

Na sami Hassan direba a inuwar mangwaro yana goge gilashi. Na ce masa akwai yiwuwar maganar ranar nan ta taso. Ya daina gogewa. 'Ya'yansa bakwai, babbar za a kai ta ɗaki bayan kaka. Ya ce, "Yallaɓai, ni dai kai ka ce in kai ka." Na ce na sani. Ya ce, "To Allah ya rufa asiri." Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

An ce in rubuta bayanin hanyar don a sa a shafin ƙungiya, baƙin Abuja suna so su dawo da abokansu. Na ce ba zan rubuta ba. Ga shi kuma ina rubutawa a nan.

Daga Kawo a bi titin Zariya da sassafe kafin tireloli su farka. Bayan Rigachikun a sauka daga kwalta a yi dama, a hau burji. Kilomita biyar na farko tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin taya, kada a matse birkin gaba. Daga nan ƙasa ta fara tashi tana sauka, tudu bakwai na ƙirga, na huɗun ne mai cire wa mutum girman kai. A samansa in ka waiwaya za ka ga gonaki sun bi gangare har inda ido ya ƙare, masara ta bushe, dawa kore shar. Sai a shiga dajin turare, inuwa da sanyi da ƙamshin ganye, hanyar ta tsuke sai mutum ɗaya, saiwoyi a kwance kamar an jera tabarya. In Fulani sun riga ka da shanu, ka sauka ka gaishe su ka jira, ba a yi wa saniya ƙararrawa. Bayan dajin akwai gangare mai yashi a ƙarshensa, nan kowa yake faɗuwar farko. Sai rafi. A ɗauki keke a kafaɗa a tsallaka ta kan duwatsu. Da ka hau gaɓa, ka shiga gonar

Ba zan ƙarasa ba.

Ni na gano hanyar nan. Shekara uku da suka wuce, ni kaɗai, da tsohon kekena, lokacin da muka daina bin hanyoyin yamma da gari saboda abin da kowa ya sani. Na iso bakin gonar ƙishi ya kusa kashe ni, tsohon ya ba ni ruwa bai tambayi sunana ba. Har yau ma bai sani ba. Malam mai keke.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Na fita daga guruf. Minti biyu wani ya mayar da ni, ya ɗauka kuskure ne.

Alhamis, bayan magariba

Nafisat ta goge mini farin kaftani ta rataye a jikin ƙofa. Na ce na mene ne? Ta ce, "Gobe Juma'a." Na ce ina da wasu kayan. Ta ce, "Wannan ne na zuwa gaban manya." Na ce kin san in aka kore ni, da ke za a ji yunwar? Ta ce ta sani, ta riga ta yi kukanta tun jiya, ba sai na tuna mata ba.

Ni dai na ji haushinta. Mutum yana neman wanda zai ce masa kada ka je, gida guda an rasa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan magariba

Na je.

Ban hau keke ba, mota na shiga zuwa mararraba, na hau acaɓa. Na yi Juma'a a masallacinsu, a sahun baya. Da aka idar aka taru a zauren dagaci, mutum kamar talatin. Dillalin Alhaji yana zaune da takardu a cikin fayil mai roba da ɗan akwatin tawada. Shi Alhajin bai zo ba, ina zai zo. Baba Sanda yana gefe, ya sa babbar riga wadda ta sha wanki.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana kafin a sa hannu."

Na faɗi komai. Na faɗi sunana da na ma'aikatarmu, na ce ba ruwanta da filaye. Na faɗi lambar motar tun ba a tambaya ba. Na ce fentin ragowar na ƙofar gidana ne, kibiyoyin na masu keke ne, X ɗin kuma cewa take kada a bi nan, iyakarta ke nan. Na ce babu rusau, babu awo, babu kowa da ke zuwa. Na buɗe wayata na nuna musu taswirar hanyar da hotunanmu. Haka na kai ƙarshe. Na zaci za a zage ni, na ma shirya wa mari.

Ba wanda ya zage ni. Sai wani daga baya ya ce, "To ai ga shi da bakinsa ya ce ma'aikacin gwamnati ne, kuma da motar gwamnati ya zo." Wani ya ce haka aka yi wa mutanen wani gari, aka turo mai lallashi ya ce kada kowa ya sayar, bayan wata biyu katafila ta iso, ba wanda ya tsira da ko sisi. Dillalin ya ci gaba da jera takardunsa. Ba ya buƙatar sa baki.

Dagaci ya ce, "Sanda, gonarka ce. Ka ji abin da baƙo ya ce."

Baba Sanda ya daɗe yana kallona. Ya ce in matso. Na matso. Ya ce, "Kai ne malam mai keke?" Na ce ni ne, Baba.

"Ran nan a gindin ɗorawa na riƙe hannunka na tambaye ka. Ka ce wallahi ba ka sani ba."

"Ƙarya na yi, Baba. Kunya na ji, da tsoro."

"Yau kuma ka ce wallahi kai ne."

"Yau gaskiya nake faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ɗana, wallahi biyu ka ba ni, ɗaya ta ƙaryata ɗaya. Ni tsoho ne, ban yi boko ba, ba ni da abin da zan auna su. In na bi ta yau ta zama ita ce ƙaryar, na tashi ba gona ba kuɗi, ga iyali. Da ran nan ka faɗa mini, ko dagaci ba zai ji ba, dariya za mu yi in ce ka zo ka goge mini katanga."

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Liman ya ce a'a, ba a yin haka a kan ciniki. Na ce a ba ni mako ɗaya in kawo takarda daga ofis. Wani ya yi dariya ya ce takardar gwamnati ce za ta ce gwamnati ba ta zuwa?

Baba Sanda ya miƙa hannu. Dillalin ya buɗe akwatin tawada. Wuri uku ya dangwala, a na ukun yatsan ya zame, aka ce ya sake. Ya sake. Ya goge yatsan a cikin hularsa.

An ba shi zuwa ƙarshen kaka ya cire dawarsa.

Da zan tafi ya sa aka nemo mini mai acaɓa, ya ce masa ya bi da ni a hankali wajen yashin nan, baƙo ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ji wucewar 'yan ƙungiya ta bakin layi, suna ƙararrawa. Ban leƙa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tafi ofis da shirin karɓar takardar tuhuma. Na kwashe 'yan kayana daga durowa tun da safe, don kada in tsaya tattarawa a gaban mutane. Har azahar shiru. Da na gaji da jira na tashi da kaina na shiga wurin Darakta, na ce ranka ya daɗe, ranar uku ga wata na fita da Hilux ba izini, laifina ne ba na Hassan ba.

Bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Ka zuba mai?" Na ce na zuba. Ya ce, "To mene ne? Ja mini ƙofar in ka fita."

Shi ke nan. Abin da na yi mako uku ina tsoro ke nan, abin da na bar gonar mutum ta tafi a kansa. Na koma na mayar da kayana cikin durowa ɗaya bayan ɗaya.

Nafisat ta tare ni a ƙofa ta ce yaya aka yi. Na ce ba a kore ni ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta tsaya tana jira in ce wani abu. Na wuce ɗaki da takalmina.